Darasin Uwargida: Suyar Gahawa a Gida

Darasinmu na wannan fitowa a kan gahawa ne. Sau da yawa maigida ko wata 'yar uwa kan dawo daga Makka da ɗanyar gahawa cikin tsaraba, sai a rasa yadda za a yi da ita, ta zauna a kwano har ta yi fumfuna. Alhali duk macen da ta iya suyar gyaɗa a kasko, kamar yadda muke yi a nan Magajin Gari da sauran unguwannin Birnin Gwari, ta riga ta san rabin aikin.

Asalinta

Bishiyar gahawa daga ƙasar Habasha ta fito. Sufayen Yaman ne suka yaɗa shanta a ƙarni na 15, don ta hana su barci wajen ibadar dare. A shekarar 1511 an taɓa hana shanta a Makka, daga baya aka janye hanin. A Nijeriya ana noma ta a tsaunin Mambila na Jihar Taraba da kuma Jihar Filato.

Yadda ake suyar

1. Ki tsince tsakuwa da ƙwayoyin da suka yi baƙi ko ƙwari suka huda. Ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya kan ɓata tukunya guda.

2. Ki hura gawayi a tsakar gida, ba a ɗaki ba, saboda hayaƙi. Ki ɗora kasko busasshe mai kauri, babu mai babu ruwa.

3. Ki zuba kaɗan, yadda ƙwayoyin ba za su hau kan juna ba, ki yi ta juyawa da muciya ba tsayawa. Wuta ta zama matsakaiciya, domin mai ƙarfi ƙona baya take yi ta bar ciki ɗanye.

4. Bayan kamar minti 5 launin zai koma rawaya, sannan ruwan ƙasa. Idan zafin ya kai wajen digiri 200, za ki ji tana fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Mai son irin ta Saudiyya, mara ɗaci sosai, nan za ta sauke. Mai son baƙa irin ta Sudan ta ƙara minti 2 zuwa 3. In ta fara ƙyalli da mai tana hayaƙi sosai, to ta kusa ƙonewa.

5. Ki juye a faifai nan take, ki sheƙe ɓawon, ki baza ta huce. In ta zauna a kasko ci gaba za ta yi da soyuwa.

Kada ki yi mamaki in ta yi sauƙi a hannu, suya kan cinye kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyinta. Ki adana a kwalba mai murfi, ki riƙa daka ta yini ɗaya kawai, domin garin saurin rasa ƙamshi yake. Cokali 3 sun ishi lita guda ta ruwa. Ki dafa minti 10 a wuta kaɗan, ki sa citta da kanumfari, a kawo wa baƙi da dabino.

Hattara

Gahawa na ɗauke da sinadarin kafin, kofin shayi guda na iya kai miligiram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai juna biyu da ke wuce miligiram 300 a rana ta rage, don gudun ɓari ko haihuwar jariri mara nauyi. Tana kuma hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, don haka mai ƙarancin jini ta guji shanta tare da abinci ko jim kaɗan bayansa. Mai hawan jini ta tambayi likita, kuma ba a ba yara. Wasu kan soya 'ya'yan rai-ɗore a madadinta. Ku sani ɗanyunsu guba ne, a nisanta su daga yara.

Uwargida ki fara gwadawa da tafin hannu guda kafin ki soya duka. Allah Ya sa albarka a gidajenmu, amin.