Yadda Ake Sayar da Shago a Agege In Lokacin Tafiya Ya Yi

Bahaushe a Agege yakan kai lokacin da hankalinsa ya koma gida, ko ya hango wata sana'a, sai ya ce zai sayar da shago. Amma galibi ginin ba nasa ba ne, haya yake yi. Abin da zai iya sayarwa uku ne: kayan da ke ciki, kayan aiki, da jama'ar da suka saba da ƙofarsa. Wanda ya gane wannan ba ya karyar da dukiyarsa.

Mataki na farko, je wurin mai ginin kafin kowa ya ji. A Legas ɗan haya ba ya miƙa shago ga wani sai da yardar mai wuri, kuma sabon shiga yakan biya kuɗin yarjejeniya da la'adar dillali daga farko. Tambaye shi ko zai karɓi wanda ka kawo, nawa zai ɗora masa, da yadda za a yi da watannin da suka rage a hayarka. In wurin naka rumfa ce a kasuwa, ka sanar da shugabannin kasuwar, har da Iyaloja ko Babaloja inda suke da iko. In ka tsallake wannan, mai saye zai ba ka kuɗi, gobe a ce masa ya kwashe kayansa, sunanka ya ɓaci daga Agege har garinku.

Na biyu, ƙirga kaya. Rufe shago yini guda, kai da yaronka ku bi katan-katan da buhu-buhu, ku rubuta kuɗin sari, ba kuɗin sayarwa ba. Madara ko taliyar da kwanan watanta ya kusa ƙarewa, ware ta gefe. Firji, janareto, sikeli da kantoci a yi musu kuɗin tsoho.

Na uku shi ne littafin bashi, kuma nan ne aka fi samun rigima. Akwai wanda kake bi: mai shayin da ke ɗaukar suga da safe ya kawo kuɗi da dare, da matan unguwa masu biya ƙarshen wata. Akwai kuma wanda ake bin ka: diloli, kuɗin wuta na Ikeja Electric, kuɗin shara, harajin ƙaramar hukuma, da zubin adashi in ka riga ka kwasa. A ganina, bashin da ke kanka ka biya shi da hannunka, ka nuna rasit. Wanda kake bi kuwa, ka fara karɓa tun watanni kafin tafiya, domin da zarar an ji Alhaji zai koma Arewa, wasu sai su daina bi ta layin. Ragowar ko ka yafe, ko ka sayar wa mai saye da ragi, a gaban masu bashin.

Na huɗu, sa farashi. Ɗauko lissafin cinikin watanni shida ko shekara, ka nuna riba bayan haya da albashi. Wuri ma yana da kuɗinsa, amma yana sauyawa: gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 da jirgin Red Line da ya fara aiki a 2024 sun canza inda ƙafa ke bi. Faɗi gaskiyar layinka yadda take yau.

Na biyar, mai saye. Fara yi wa yaron shagonka tayi; ya san kaya, ya san mutane, kuma yaye shi da wannan alheri ne. In zai biya kaɗan-kaɗan, a yanka ranaku, a samu wanda zai tsaya masa. In bare ne ta hannun dillali, a daidaita la'ada tun kafin ka ce ka sallama.

Na shida, takarda. Ko ɗan uwanka ne, a rubuta, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta umarta: farashi, kafin alƙalami, jerin kaya, ranar miƙa makulli, da wanda zai ɗauki kowane bashi. Shaidu su sa hannu, liman ko wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa, kuma lauya ya duba. In sunan kasuwancin na da rajista a hukumar CAC, a sauya sunan mai shi ko a rufe rajistar. Na'urar POS da asusun banki suna ɗaure da BVN ɗinka, kada ka bar wa kowa su. Mai saye ya buɗe nasa, a cire lambar asusunka daga jikin bango.

Bayan an biya, zauna da shi mako biyu ko uku. Kai shi wurin dilolinka a Mile 12 ko duk inda kake sari, ka ce musu, "Ga ƙanena, shi zai ci gaba." Nuna masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, sannan ka miƙa makulli.