Darasin Kimiyya: Yaƙin da Ke Ƙarƙashin Fatar Mai Egzima

Manufar darasi

A ƙarshen darasin nan, ɗalibi zai iya lissafa ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hura wutar egzima, ya kuma bayyana abubuwan da ake aunawa a jini don gane tsananinta.

Gabatarwa

Ɗalibai, mu fara warware wani ruɗani. A Najeriya mutane da yawa kan kira ƙyasbi egzima, alhali ƙyasbi ƙwayar fangas ce ke kawo shi. Egzimar da likitoci ke nufi daban ce, kuma ba a ɗaukar ta daga jikin wani. Ku tuno yaron da kan kwana yana susar bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har jini ya fito, wurin ya yi duhu, ya yi kauri kamar ƙirgi, da hunturu kuma abin ya ta'azzara. Wannan yaro shi ne abin nazarinmu yau.

Mataki na ɗaya: katanga ta tsage

Saman fata kamar katangar tubali ce da aka yaɓe: tana riƙe ruwan jiki a ciki, tana tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. Cikin kayan da ke ƙarfafa ta akwai furotin mai suna filagirin. A 2006 masu bincike a jami'ar Dandi ta Sikotilan suka nuna cewa tawayar ƙwayar gadon da ke sarrafa shi tana da alaƙa mai ƙarfi da egzima. In katanga ta tsage, ruwa ya fice, baƙi su shigo.

Mataki na biyu: dakaru sun fito

Da zarar baƙo ya shigo, ƙwayoyin Langahans, masu gadin fata, sai su cafke shi su kai rahoto ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira Th2. Su ne kwamandojin wannan yaƙi, kuma da sinadarai 'yan aike masu suna intalukin suke ba da umarni.

Intalukin 4 da 13 suna sa jiki ya yawaita garkuwar IgE, suna kuma rage filagirin, wato suna ƙara rushe katangar da ake karewa. Intalukin 5 yana yawaita wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna iyosinofil. Intalukin 31 kuwa kai tsaye yake taɓa jijiyoyin fata ya ta da ƙaiƙayi. Shi ya sa maganin da ke toshe histamin (wani sinadarin da shi ma ke ta da ƙaiƙayi) kaɗai bai cika kwantar da wannan ƙaiƙayi ba.

Ku lura da yadda abin ke zagayowa: ƙaiƙayi ya kawo susa, farce ya ƙara tsaga fata, bakteriyar sitafilokokus ta samu masauki, dakaru su ƙara fitowa. Gwargwadon ƙarfin wannan zagaye, gwargwadon tsananin cutar.

Mataki na uku: sawun yaƙin a cikin jini

Na farko cikin abubuwan da ake aunawa a jini shi ne IgE. Yakan hau a jinin yawancin masu egzima, amma kusan ɗaya cikin biyar nasu ba ya hawa. Na biyu yawan iyosinofil, wanda kan ƙaru idan cutar ta tsananta. A nan sai a yi hattara: tsutsar ciki ma tana ɗaga waɗannan biyun, don haka a yankunanmu likita ba zai yanke hukunci da su kaɗai ba. Na uku shi ne TARC, sinadarin da ke kiran Th2 zuwa fata. Shi ya fi bin sawun cutar: in ta tashi ya hau, in ta lafa ya sauka. Tun 2008 inshorar lafiya a Japan take biyan kuɗin gwajinsa.

Duk da haka, ido ne babban alƙali. Ma'aunin EASI yana ba da maki daga 0 zuwa 72 bisa faɗin wurin da ya kamu, da ja, da kumburi, da sawun susa, da kauri. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka. Likitan da bai san haka ba zai iya raina ciwon da ya hana yaro da uwarsa barci.

Amfanin wannan ilimi

Sanin maƙiyi rabin nasara ne. A 2017 Amurka ta amince da allurar dupilumab, wadda ke toshe saƙon intalukin 4 da 13. A gida kuwa, aikin farko shi ne gyaran katanga: a shafa mai, kamar man kaɗe ko basilin, da zarar an fito wanka, a bar sabulu mai kaifi, a yanke wa yaro farce. Man shafawa mai sinadarin sitiroyid kuma, kada a taɓa shi sai da umarnin likita.

Aikin gida

1. Mene ne bambancin egzima da ƙyasbi?
2. Zana zagayen ƙaiƙayi da susa, ka nuna inda man shafawa ke katse shi.
3. Me ya sa hawan IgE kaɗai bai isa hujja ba ga yaron da ke da tsutsar ciki?