Sarkin Ingila, Ƙofar Bebeji da Mutanen Kanada

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon sule na zamanin Turawa ya ga kan Sarkin Ingila a jikinsa. Kwabo da anini ba su da kai, saboda hudar da ke tsakiyarsu, amma akwai sunan Sarki da kambinsa. Da waɗannan kuɗi kakanninmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka yi ta biyan haraji da jangali. Yau ba mai karɓarsu a kasuwa, sai dai a tsince su a gindin adakar tsohuwa. Amma akwai wata ƙasa can arewa da Amurka, sunanta Kanada, inda har yanzu ake buga kuɗi da kan Sarkin Ingila, alƙalai da 'yan majalisar ƙasa kuma da sunansa suke rantsuwa. A da mu da su ƙarƙashin Sarki ɗaya muke. To, me ya raba mu da shi bayan shekara 60, su kuwa suka riƙe shi?

Bari mu fara daga gida. Tun kafin yaƙi, sunan Sarkin Ingila ya taɓa ratsa Bebeji da sallama. A 1826 wani Bature, Kyaftin Clapperton, wanda yake kiran kansa Abdullahi, ya biyo ta garin a kan hanyarsa daga Zazzau zuwa Kano, ɗauke da saƙon Sarki Joji na Huɗu zuwa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin mamaki, wannan mutum ya taɓa aikin jirgin ruwan soja a manyan tafkunan Kanada. Baƙo ne shi a nan, ba ya shiga gari sai da iznin masu gari, kuma a kusa da Sakkwato ya mutu a 1827.

Zuwa na biyu ba irin wannan ba ne. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasashen Arewa sun shiga ƙarƙashin Sarauniya Biktoriya, alhali kuwa Kano da Sakkwato ba su san an yi ba. A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Turawa suka sami hanzari. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja baƙar fata sama da 700, da igwa 4. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, suka tarar da ganuwa, ƙofa a rufe. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, wanda Hausawa suke ce wa Mai Jimina, ya matso gindin ganuwa ya nemi a buɗe. Aka ƙi, gama Sarkin Kano ya hana. Sai aka saita igwa. Harsashin ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da waɗansu manyansa da ke bayanta, soja suka kutsa. Mutum wajen 30 suka rasu a wannan rana.

Labarin nan ya riga rundunar isa gaba, sai garuruwan da ke kan hanya suka watse, ba wanda ya sake tsayawa har Kano. Ran 3 ga wata aka ci birnin, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Kun ga ashe jinin farko da aka zubar a ƙasar Kano saboda Sarkin Ingila, a ƙofar Bebeji aka zubar da shi. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi in mun kai Kanada.

A watan Afrilu na 1903 Lugga ya naɗa Wambai Abbas Sarkin Kano. Nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin a nan aikin Sarkin Ingila a ƙasarmu yake. A da, in Sarkin Kano ya rasu, daga Sakkwato ake aiko da takardar naɗi. Yanzu sai Gwamna ya ba da takarda da sandan girma, sabon Sarki kuma ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai yi biyayya ga Sarki Edward na Bakwai da wakilinsa, muddin ba a umurce shi da abin da ya saɓa wa addini ba. Lugga bai ɓoye dalilinsa ba. Ya gaya wa manyan Sakkwato cewa Fulani da yaƙi suka sami ikon naɗawa da tuɓewa da karɓar haraji, yanzu an ci su da yaƙi, ikon ya koma hannun Ingila. Watau Sarkin Ingila bai zama Sarkin Kano ba, bai kuma taɓa aika wa Dagacin Kiru da umurni ba. Abin da ya riƙe shi ne tushen sandan. Talaka ya san dagaci, dagaci ya san hakimi, hakimi ya san Sarki, Sarki ya san Razdan. Wanda ke can ƙarshen igiyar, suna ne kurum da hoto a jikin sule.

Amma fa sunan yana da nauyi, mutanen Doguwa su ne shaida. Tun kafin Turawa, mutanen Riruwai suna haƙar kuza suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Da Turawa suka kafu sai doka ta ce duk arzikin da ke cikin ƙasa na gwamnatin Sarki ne, sai wanda ta ba izni zai haƙa, iznin kuwa kamfanonin Turai suka fi samu. Ga wani abin lura kuma. Wanda ya gaji Lugga daga 1907 zuwa 1909, Sir Percy Girouard, mutumin Kanada ne, haifaffen Mantiriyal. Shi ya tsara hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda ta ratsa kudancin ƙasar Kano ta isa birni a 1911. Shi kuma ya ɗauko maganar ƙasa wadda ta haifi dokar 1910, ta sa filayen Arewa duka a hannun Gwamna. Shi ma talakan Sarkin Ingila ne kamar mutumin Tudun Wada, amma shi an aiko shi ya yi mulki.

Sauran abin da muka gani na gidan sarautar, biki ne. Yarima mai jiran gado ya zo Kano a 1925 aka yi masa hawan daba. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya je Ingila a 1934 tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu, suka gana da Sarki Joji na Biyar. Sarauniya Elizabeth ta zo Kaduna da Kano a 1956.

Mutane da yawa suna tsammani ran 1 ga Oktoba 1960 muka rabu da ita. Ba haka ba ne. Shekara 3 ta yi tana Sarauniyar Nijeriya, Dokta Azikiwe yana wakilinta a Ikko daga Nuwamba 1960, Sir Kashim Ibrahim kuma ya zama Gwamnan Arewa a 1962. A waɗannan shekaru tsarinmu da na Kanada kusan ɗaya ne. Cikinsu ne aka binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 aka sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Sarauniya ba ta da hannu a ciki, gwamnatin Sardauna ce ta yanke. Ashe tushen sandan ya riga ya bar Landan ya dawo Kaduna. Saboda haka da aka zama jamhuriya ran 1 ga Oktoba 1963, mutumin Bebeji bai ji an ɗauke masa kome ba. Sarkin da yake faɗuwa ya gaisar yana nan a Kano.

To, yanzu mu haye teku. Sarakunan Faransa suka fara mallakar Kanada, mutanensu suka kafa birnin Kwibek a 1608. A 1759 sojan Ingila suka ci birnin, a 1763 Faransa ta sallama ƙasar. Da Amurka ta ɓalle daga Ingila a 1783, dubban mutanen da suka ƙi rabuwa da Sarki suka kwashe iyalinsu suka ƙaura Kanada. Waɗannan ba a ci su da yaƙi ba, su suka bi Sarki da ƙafarsu, kuma jikokinsu sun daɗe suna ganin sarautar ita ce shingen da ya raba su da Amurka. Lardunan suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya ran 1 ga Yuli 1867. Dokar 1931 ta ba su ikon kansu, a 1982 kuma Sarauniya ta zo Otawa ta sa hannu a kan tsarin mulkinsu. Yau Charles na Uku, wanda ya hau a 2022, Sarkin Kanada ake kiransa a can, sarauta ce dabam da ta Ingila ko da yake mutum ɗaya ke riƙe da su.

Me yake yi musu? Mulki dai ba ya yi. Wakilinsa, Gwamna-Janar, Firayim Minista ke zaɓensa, aikinsa ya buɗe majalisa, ya sa hannu a doka, ya rantsar da gwamnati. Amma ran da siyasa ta rikice, shi ke da ikon ce wa shugaba a'a. An yi haka a 1926, sa'ad da Lord Byng ya ƙi rushe majalisa bisa roƙon Firayim Minista Mackenzie King. Mai wannan aiki kamar rijiyar bayan gida yake, ba a tuna ta sai ran da famfo ya ƙafe. A watan Mayu 2025, lokacin da Shugaba Trump ke ta faɗin Kanada ta zama jihar Amurka ta 51, sai suka gayyato Sarki Charles da kansa ya buɗe majalisarsu.

Akwai kuma mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Shelar Sarki Joji na Uku ta 1763 ta ce ba mai sayen ƙasarsu sai Sarki, daga 1871 zuwa 1921 kuma aka ƙulla alkawura 11 tsakaninsu da gidan sarautar. An saɓa alkawuran nan ba sau ɗaya ba, an kuma zalunce su ƙwarai. Duk da haka da yawansu ba su son a taɓa sarautar, gama da ita suka yi alkawari, kuma da takardun nan suke kai gwamnati ƙara. A 2021 aka naɗa ɗiyarsu, Mary Simon, Gwamna-Janar. Mutanen Bebeji kuwa ba wanda ya ƙulla alkawari da su, balle su sami takardar riƙewa.

Kada ku ɗauka duk Kanada bakinsu ɗaya. Masu jin Faransanci na Kwibek, waɗanda sarautar ta shigo musu ta bakin igwa kamar yadda ta shigo mana, su suka fi kowa ƙinta. A 2022 majalisar lardinsu ta ɗauke wa wakilanta tilascin rantsuwa da sunan Sarki. A ganina wannan shi ne mabuɗin al'amarin duka: jama'a takan tuna ta ƙofar da sarauta ta shigo. Sauran larduna ma akwai masu ganin abin ya tsufa, sai dai fitar da shi wuya gare shi. Tsarin 1982 ya ce ba a taɓa kujerar Sarki sai majalisun tarayya biyu da majalisun larduna 10 duka sun yarda.

A nan ne kwatancin ya fi ba da mamaki. Sarakunanmu ma yanzu sarauta gare su ba mulki, tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannunsu bayan 1966, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Amma a Kanada gwamnati ce ke rantsuwa ga Sarki, a nan kuwa Gwamna ke miƙa wa Sarki sanda, kamar yadda Lugga ya miƙa wa Abbas. A 2019 majalisar jihar Kano ta yi doka ta cire Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa daga ƙarƙashin Sarkin Kano, ta sa su cikin sababbin masarautu. A 2024 wata majalisar ta soke dokar, ta mai da su inda suke.