Wa Ke Kan Motarka Bayan Ta Bar Gareji?

Aikina dillancin inshorar motoci ne, kuma yawancin waɗanda nake hulɗa da su masu tirela biyu ne ko uku, masu ɗaukar hatsi daga Dawanau, ko shanu daga Potiskum da Maigatari zuwa Kudu. Ka tambayi ɗayansu kayan da motarsa ta ɗauka, zai faɗa maka har adadin buhu. Ka ce masa mutum nawa ne a ciki, sai ya ce direba da yaron mota. Alhali kafin motar ta kai Zariya an ɗora mutane a kan lodin, 'yan ci-rani da ba su da kuɗin bas, kowa ya miƙa wa direba abin da ya sawwaƙa. Sai ranar da mota ta kife tsakanin Mokwa da Jebba mai ita yake sanin yawan mutanen da ya ɗauka.

A nan ne ake kirana, ana cewa ai motar tana da inshora. Tana da ita, amma ta me? Abin da yawanci ake yanka shi ne inshorar dole, ta ɓangare na uku. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa kuɗinta a kan naira 100,000 ga manyan motocin haya na kaya, kuma iyakar abin da za a biya kan dukiyar wani da aka lalata naira miliyan 5 ne. An yi ta ne domin mai shagon da aka rushe wa rumfa, da mai ƙaramar motar da aka taka, da mai tafiya a ƙasa da aka buge. A jikin takardar akwai sharaɗin amfani, wanda kusan babu mai karantawa: motar ta kaya ce, ɗaukar fasinja don kuɗi ba ya ciki. Da zarar rahoton 'yan sanda ya nuna akwai mutane a kan buhuna, kamfanin inshora ya samu abin kafa hujja, kuma magana ta koma ja-in-ja yayin da masu karaya ke kwance a asibiti ana jiran kuɗin aiki.

Direba da yaron mota su ma ba wannan takardar ce ke rufa musu asiri ba, domin ma'aikata ne. Nasu yana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, inda mai aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Ƙananan masu motoci kaɗan ne na gani sun yi rajista, kuma yaron motar da ya rasa ƙafa yakan ƙare da abin da maigida ya ga dama ya ba shi.

Sai batun alhaki a gaban kotu. Ƙa'ida ita ce maigida yana ɗaukar nauyin sakacin direbansa muddin a bakin aiki ya yi shi. Amma akwai wata tsohuwar shari'a da ya kamata kowane mai tirela ya sani, ta Jarmakani Transport da Abeke a 1963. Motar kaya ce, kamfani ya hana ɗaukar fasinja, direba ya saɓa ya ɗauka, aka yi haɗari. Kotun Ƙoli ta ce kamfanin ba shi da alhaki, domin abin da direban ya yi ya fita daga aikin da aka ɗauke shi ya yi. Abin da ya tserar da kamfanin shi ne hanin na gaskiya ne, kuma an iya tabbatar da shi.

Mu a nan ne muke faɗuwa. Mai mota zai rubuta “Ba a ɗaukar fasinja” a jikin ƙofa, sannan ya rage kuɗin hanya, yana cewa ai direba zai samu na kashewa a kan titi. Wani ma har kaso yake karɓa idan an dawo. Wanda ya yi haka ya ba da izini, ko da bai furta ba, kuma lauyan iyalan mamaci ba zai sha wahalar nuna hakan ba. Ni a ganina rabin wannan matsala daga kuɗin hanya take. Direban da aka sallama da abin da ba zai kai shi Ilori ba, ga shingaye, ga abinci, ga faci, dole ya nemi cikon a wurin mutanen bakin titi.

Abin da nake sa abokan hulɗata su yi ba shi da tsada. A rubuta dokar kamfani da Hausa a takarda guda: waye aka yarda ya shiga, mutum nawa, kuma a gaban mota kawai, gwargwadon kujerun da ke ciki. Direba ya sa hannu, a ajiye kwafi a ofis. Matar direba, ko ƙanensa, ko ɗan garinsu da zai sauka a hanya, sai da izinin maigida kafin a tashi. A biya kuɗin hanya cikakke, wanda aka kama ya saɓa kuma a hukunta shi a rubuce.

Masu rakiyar shanu lamarinsu daban ne, domin dabba tana bukatar mai tayar da ita idan ta kwanta. Kada a ɓoye su. A faɗa wa kamfanin inshora tun farko, a rubuta sunayensu da lambar wayar danginsu a kowace tafiya, a ƙara musu inshorar haɗari. Amma mutum biyu masu rakiya ba sa zama talatin. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana kame kan cakuɗa mutane da dabbobi, kuma gaskiya ce da ita.

Na san direbobi da yawa tausayi ke sa su ɗauki mutane, kuma talakan da ke hawa ba don yana so ba ne. Sai dai kan lodi ba shi da abin riƙewa, kuma idan mota ta faɗi kayan ne ke danne mutane. Mai son taimakon ɗan garinsu ya biya masa kuɗin bas.

Kafin motarka ta sake tashi, danna *565*11# ka duba ko inshorarta tana cikin rumbun bayanan NIID, domin ta jabu tana yawo sosai a bakin ofisoshin lasisi. Sannan ka buɗe takardar ka karanta sharaɗin amfani tare da direbanka.