Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jihar Legas Kan Ambaliya da Mu Mazauna Iyana Ipaja

Duk unguwar da aiki ya kai ni, bango nake fara dubawa. Ruwan ambaliya ba ya tafiya sai ya bar shaida: wani layi ja-ja na laka da yake kewaye ɗaki ciki da waje, wanda ko an shafa fenti yakan sake ɓullowa. Nakan sa tef in auna daga ƙasa zuwa layin, in rubuta, in ɗauki lambar wurin a na'ura, in wuce gida na gaba. Tsara birane na karanta, kuma shekaru ke nan abincina yana cikin zana taswirar wuraren da ke cikin haɗari, irin taswirar da masu tsara shirin jiha suke ɗora aikinsu a kai. A Agege aka yanke mini cibi, a Iyana Ipaja nake zaune da iyalina.

Wata damina muna aiki a kwarin Aboru, na shiga wani jerin shaguna da ke bakin babbar magudana. Layin lakar ya kawo mini ƙirji. Na tambayi mai wurin mutum nawa ke kwana a nan, ya ce babu kowa, shaguna ne kawai, kuma bisa saninsa gaskiya ya faɗa. Har na rubuta haka. Da na zagaya baya sai ga tabarmi a naɗe a jingine, ga butoci, ga jarkokin ruwa a kan kura. Na yi sallama, wani saurayi ya amsa da Sakkwatanci. Na ce, "Ɗan'uwa, ku nawa ne a nan?" Ya ce, "Yallaɓai, mu bakwai ne, in an yi baƙi mu fi haka." 'Yan ga-ruwa ne da masu gadi, 'yan ci-rani. Daren da ruwan ya zo, a kan rufin kwano suka ga asuba. Da a ce ranar abokin aikina wanda ba ya jin Hausa ne ya bi layin, da taswirar ta fita ɗauke da cewa babu rai ko ɗaya a wurin. Wannan ne ya sa na zauna rubutun nan.

Bari in fara da abin da jiha ta tanada, domin da yawa daga cikinmu ba su san akwai shi ba. Tun 2007 Legas take da hukumar agajin gaggawa tata, LASEMA, kuma ana kiranta kyauta ta lamba 112 ko 767, ko gobara ce, ko ruwa, ko rushewar gini. Tana da sansanonin tsugunar da waɗanda bala'i ya raba da gidajensu, ɗaya a Agbowa ta wajen Ikorodu, ɗaya kuma nan kusa da mu a Igando, cikin Alimosho. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, sannan Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa ta jiha ta sanar da jama'a, ta fitar da motocin yashe magudanai. A Fabrairun 2020 jihar ta ƙaddamar da kundin dabarun jure bala'o'i, wanda ya yi daidai da manufar yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka cimma a Sendai ta Japan a 2015: a kashe kuɗi wajen rage haɗari tun da sauran lokaci, maimakon a jira raba shinkafa da katifa bayan an yi asara.

Me ya sa sai an yi shirin a matakin jiha? Saboda ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Mutane sukan ce ai ambaliya matsalar Lekki da Ajah ce, mu muna kan tudu. Tudu ne, amma tudu mai kwaruruka. Ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje da kwalta da siminti ta wajen Abule Egba, Oke-Odo da Agege ba shi da ƙasar da zai nutse a ciki, duk mun shafe ta. Gangarowa yake yi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma kwari irin na Aboru shi ne masaukinsa. Wanda ya toshe kwalbati a sama ba lallai shi ruwa zai ci ba. Haka kuma idan an buɗe ƙofofin madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, a wata jihar ma take, bayan kwanaki kogin Ogun yakan cika ya hau Isheri, Kara, Agiliti da Mile 12, wuraren da 'yan'uwanmu masu shanu da masu kayan gwari suke da yawa. A Oktoban 2010 irin wannan ce ta sa aka kwashi mutane zuwa sansanin Agbowa. Babu shugaban ƙaramar hukumar da zai iya wannan lissafi shi kaɗai.

Yankinmu kuwa ya ga abin da ya gani. Ranar Lahadi 10 ga Yuli 2011 aka wuni ana sheƙa ruwa, sama da mutum 20 suka rasu a jihar, har Gwamna Babatunde Fashola ya rufe makarantu washegari. Ranar Babbar Sallah ta 2022, 9 ga Yuli, ruwa ya tafi da motoci da mutane a ciki ta wajen Oko-Oba da Orile Agege. Ba ruwa kaɗai ba: bututun mai ya yi bindiga a Abule Egba ranar 26 ga Disamba 2006, ɗaruruwa suka ƙone, ya sake kamawa a Janairun 2020, a Oktoban wannan shekarar kuma gidan iskar gas ya tashi da sassafe a Baruwa, cikin Ipaja.

Amma wanda ba ya fita raina shi ne na 27 ga Janairu 2002, ranar da rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu bama-baman ba su taɓa su ba. Firgita suka yi, babu wanda ya gaya musu abin da ke faruwa ko inda za su nufa, wasu na cewa yaƙi ne, wasu na cewa juyin mulki. Suka yi ta gudu har magudanar Oke-Afa, wadda kainuwa ta rufe samanta kamar fili, na baya na tura na gaba, yawancinsu mata da yara. Darasin da wannan rana ta bar mana shi ne: rashin labari yana kisa kamar yadda ruwa da wuta suke yi. Mutum yana bukatar ya ji gargaɗi da harshen da yake mafarki da shi, daga bakin wanda ya yarda da shi, kuma ya riga ya san hanyar da zai bi.

To, ku auna mu da wannan ma'auni. Sanarwar damina galibi da Turanci da Yarbanci take fita, a talabijin da jaridu da shafukan intanet. Saurayin da ya sauka daga motar shanu makon jiya, wanda rediyonsa tashoshin Hausa kaɗai yake kamawa, ina zai ji ta? Ba ya cikin ƙungiyar masu gidaje ta layi, domin ba shi da gida. Ba ya cikin rajistar mazauna. Kuma saboda wurin kwana mafi arha shi ne wanda kowa ya guda, shi ne a bakin magudana, shi ne a ƙarƙashin gada, shi ne a kan hanyar bututu. Alimosho ita ce ƙaramar hukuma mafi yawan jama'a a jihar, ta haura miliyan ɗaya tun ƙidayar 2006, amma irin waɗannan samari ba sa cikin kowane adadi da mai tsara shiri yake gani a teburinsa. Yawan kwale-kwalen ceto, yawan tabarmi a sansani, layin da za a fara aika mota, duk daga adadi ake fitar da su.

Na san abin da ke hana mutanenmu ba da suna. Bayan hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022, da rushe-rushen da ake yi a bakin magudanai, duk wanda ya zo da biro da takarda kallon ɗan leƙen asiri ake yi masa. Ni kaina an sha rufe mini ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ɓuya ba ta taɓa hana katafila zuwa ba, jirgin ceto kawai take hanawa. Hukumar rajistar mazauna jiha, LASRRA, an kafa ta ne domin duk wanda ke zaune a Legas, ko daga ina ya fito. Wanda yake da katin, idan abu ya faru, yana da bakin cewa ni ma a nan nake.

Akwai kuma namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da yawa daga cikin masu tura baron shara 'yan'uwanmu ne. Gwamnati ta sha haramta sana'ar, har da sanarwar Janairun 2018, amma matan unguwa na ci gaba da kiransu domin motar shara ba ta shiga kowane lungu. Wanda ya karɓi kuɗin mutane, dare ya yi ya juye baron a magudana, bai san cewa leda da robar abincin nan su ne za su taru a bakin kwalbati su mayar da ruwa ɗakin da ƙaninsa yake kwance ba. Na taɓa tsayawa ana buɗe wata kwalbati da ta toshe. Abin da aka ciro har da katifa da tayoyi. Hana robar kumfa ta zuba abinci da jiha ta yi a Janairun 2024 ya rage wani abu, amma sauran aikin na shugabannin 'yan bola ne, waɗanda samarin ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, abin da Allah Ya ƙaddara taswirarka ba ta hana shi." Na ce, "Haka ne, Baba." Sannan na tuna masa da Annabi Yusufu, alaihissalam, wanda ya san fari na tafe ya tara hatsin shekara bakwai ga ƙasa guda. Shirin ƙasa ke nan tun kafin a san sunansa. Dattijon ya yi shiru, daga baya shi ne ya kai ni wurin limamin masallacinsu.

Ta nan hanyar take. Muna da abin da hukuma ba ta da shi: fadar Sarkin Hausawan Agege da sarakunan sauran unguwanni, shugabannin kasuwa a Katangowa da Ile-Epo da mayankar Oko-Oba, limamai, da masallacin da ke tara mutane sau biyar a rana. Tsarin agajin gaggawa ya tanadi kwamiti a matakin ƙaramar hukuma, kuma Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Ina roƙon iyayenmu sarakuna su nemi kujera a waɗannan kwamitoci a Agege, Orile Agege, Agbado Oke-Odo, Mosan Okunola da Ayobo Ipaja, su tura matashi mai jin Turanci da Yarbanci. Idan hasashen damina ya fito, a fassara shi, a karanta bayan sallar Juma'a, a naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp, tunda ba kowa ke karatun boko ba. Kowane mai masauki ya riƙe littafin sunayen waɗanda ke kwana a hannunsa da garuruwansu, ko da ba zai nuna wa kowa ba sai ranar bukata.

Kai kuma da kake karantawa, damina biyu muke yi a nan, ta Afrilu zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Oktoba, kada ɗan tsagaitawar Agusta ta yaudare ka. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, na santimita 60 yana ɗaukar mota. Idan ba ka ga bakin kwata ba, kada ka taka, kada ka sa babur. Ruwa ya fara shigowa, a kashe wutar gida tukuna. Takardu da kuɗin ajiya a ƙulle su a leda a rataye sama. Rijiyar da ambaliya ta shiga kada a sha sai an tafasa, mu tuna da kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024. Yau da rana, ba da dare ba, ka taka da ƙafarka daga inda kake kwana zuwa tudu mafi kusa, ka nuna wa yaranka hanyar.

Samarin nan bakwai na bayan shago, na koma wurinsu kafin damina ta gaba. Na sa kowannensu ya ajiye 112 a wayarsa, muka taka tare zuwa wani masallaci da ke kan gangaren sama, limamin ya yarda a bar musu ƙofa a buɗe duk daren da hadari ya haɗu. A taswirar kuma na goge abin da na fara rubutawa, na sa: masu kwana, bakwai zuwa sama.