Abin Alfaharin Ɗalibin Sakandare a Kalambaina: Tsakanin Allo da Takardar Shaida

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba nasarorin karatu waɗanda ɗalibin makarantar sakandare yake alfahari da su, da kuma ma'aunin da al'ummarsa take auna su da shi. An zaɓi Kalambaina, wadda ke gefen birnin Sakkwato cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, domin wuri ne da tsohon tafarkin karatu da sabo suke zaune ƙofa da ƙofa. A nan ne kamfanin simintin da aka kafa a shekarar 1962 ya fara aiki a 1967, kuma yau yana ƙarƙashin BUA Cement. Tun daga lokacin yaro yake tashi yana ganin takardar makaranta tana raba matsayin ma'aikata, alhali kuwa da asuba da maraice yana gaban malaminsa na allo.

2.0 Alfahari da Fariya

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a bambance wasu kalmomi. Alfahari shi ne jin daɗin da mutum yake yi da wani abin kirki da ya tabbata nasa ne ko na danginsa. Fariya kuwa ita ce yayata abin da baki, ko akwai shi ko babu, taƙama kuma nuna shi a tafiya da sutura. Bahaushe ya yarda da na farkon, amma yana ƙyamar sauran biyun, shi ya sa ya ce yabon kai jahilci. Saboda haka yaro mai kunya ba ya buɗe baki ya ce shi ne zakaran ajinsu. Yakan miƙa wa mahaifinsa takardar sakamako ya sunkuyar da kai, uban kuma, saboda kara, ba ya wuce cewa “Madalla, Allah shi yi albarka.” Masu yayata labarin su ne gwaggo da kawu da kaka da maƙwabta. Watau a al'adar Hausa nasara ba ta cika sai wasu sun gani sun shaida.

3.0 Ma'aunin Allo

Babbar nasarar makarantar allo ita ce saukar Alƙur'ani. Yaro yakan fara daga babbaƙu da farfaru, ya bi surori daga ƙasa zuwa sama har ya cika izu sittin. Ranar sauka akan yi wa allonsa zayyana, a tara malamai da dangi, ya karanta da bakinsa kowa yana ji, sa'an nan a yi yanka da walima, a kyautata wa malam. Abin lura a nan shi ne ba mai iya yi wa wani wannan karatu. In harshe ya sarƙe, jama'a sun ji. In ya zuba kamar ruwa, sun ji.

Wannan ma'auni ya sami sabuwar riga a shekarar 1986, lokacin da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, wadda aka sake wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta fara shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa. Da yawan masu shiga musabaƙa 'yan shekarun sakandare ne, maza da mata, kuma a gaban alƙalai da taron jama'a ake gwada su.

4.0 Ma'aunin Boko

Nasarorin boko da ɗalibi yake ji da su za a iya kasa su gida huɗu:

(a) Matsayi a aji, watau ya zo na ɗaya ko na biyu ko na uku a ƙarshen zango.

(b) Kyautar da ake ba shi ranar jawabi da rabon kyaututtuka, galibi littafi ko takardar yabo.

(c) Wakiltar makaranta a gasar kacici-kacici ko muhawara.

(d) Sakamakon jarrabawar fita, wanda shi ne uban tafiya.

Jarrabawar fita tana hannun Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, da takwararta ta ƙasa, NECO, wadda aka kafa a 1999. Ana ba da maki daga A1 zuwa F9, kuma daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit. Mai son shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar, a mafi yawan sassa har da Turanci da Lissafi, sa'an nan ya fuskanci jarrabawar JAMB, hukumar da ta fara aiki a 1978, wadda makinta 400 ne. Don haka ne za ka ji ana tambayar yaro, “Ka haɗa Turanci da Lissafi?” kafin a tambaye shi komai.

5.0 Inda Gizo Yake Saƙa

In aka jera ma'aunan nan biyu za a ga bambanci guda mai girma. Na (b) da na (c) sun yi kama da sauka, domin a bainar jama'a ake yin su. Amma na (d), wanda ya fi su duka nauyi a rayuwar yaro, takarda ce kurum take ba da shaida, takarda kuwa ba ta da bakin da za ta faɗi yadda aka same ta. Matsalar satar amsa ba sabuwa ba ce: a 1977 an yi babbar ɓarakar tambayoyin jarrabawa wadda ta girgiza ƙasar nan, kuma a 1999 aka kafa doka ta musamman don hukunta masu maguɗin jarrabawa. Illar abin ta fi faɗawa kan ɗalibi mai gaskiya, domin takardarsa da ta wanda aka rubuta wa amsa kamarsu ɗaya. Mutanen Kalambaina sun fi kowa sanin cewa magini ba ya yabon siminti don rubutun da ke jikin buhu, sai ya kwaɓa ya ga bulo ya kama.

Matsala ta biyu ta shafi wannan sashe namu kai tsaye. Ɗalibin da ya sami A1 a Hausa ba safai ake taya shi murna ba. Akan ce ai harshen da ya tsotsa ne a nono. Wannan magana ba ta da tushe. Jarrabawar Hausa ta ƙunshi insha'i da nahawu da ƙa'idojin rubutu da fassara da adabi da al'ada, kuma duk wanda ya taɓa duba rubutun ɗalibai ya san yadda raba kalma da haɗe ta suke kayar da 'yan asalin harshen. Tarihi ma shaida ne: Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, da Hausa ya yi fice a gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, kuma har yau ana karanta shi.

6.0 Kammalawa

Abin da wannan nazari ya nuna shi ne nasarar da ta cancanci alfahari a idon Bahaushe ita ce wadda mai ita zai iya tsayawa gaban mutane ya nuna ta, domin gani ya kori ji. Ba a cewa a yar da takardar shaida, tun da ita ce mabuɗin jami'a da aiki, amma tana bukatar abin da zai gaskata ta. Shawarar da ake bayarwa ita ce makarantun sakandare su raya muhawara da gasar insha'i da karanta waƙa da wasan kwaikwayo, da Hausa da Turanci, su kuma gayyaci iyaye su saurari 'ya'yansu kamar yadda suke halartar sauka. Mu kuma ɗaliban wannan sashe, waɗanda da yawanmu aji ne zai zama gonarmu, wajibinmu ne mu saba wa yara da tashi tsaye su karanta abin da suka rubuta da hannunsu. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.