Darasi na 14: Kyautata Sautin Ƙaramar Na'urar Kiɗa a Gida

Garin Kwoi shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, kuma ƙasar Ham ta yi suna wajen noman citta. Idan kaka ta yi, aka sayar da citta, Kirsimeti kuma ya gabato, cikin abubuwan da magidanta da samari kan sayo daga kasuwar Kafanchan akwai ƙaramar na'urar kiɗa: amfilifaya ɗaya da lasifika biyu, wani lokaci da akwati na uku mai fitar da sauti mai kauri. A shago na'urar takan yi daɗin ji. Da an kai ta gida an kunna kuwa, sai abin ya sauya. Ganga ta danne murya, kalmomin waƙa sun cakuɗe, kwanon rufi yana ta ɓari. Daga nan sai mai gida ya ce an cuce shi, ko kuma ya shiga tara kuɗin sayen babba.

Sau da yawa ba a cuce shi ba, kuma babbar ma ba za ta raba shi da matsalar ba. Tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a daminar 2023, kowa a wannan yanki ya san kuɗi ba abin zubarwa ba ne. Saboda haka yana da kyau mu gane cewa abin da kunne yake ji ba daga na'ura kaɗai yake fitowa ba. Ɗakin da aka ajiye ta yana da nasa hannu a ciki, kuma gyaran ɗaki ba ya cin kuɗi sosai.

Sauti girgiza ce da ke tafiya a cikin iska, tana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. A ɗaki mai tsawon mita 4, sauti zai iya ƙetare shi fiye da sau 80 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Idan ya bugi abu mai tauri da santsi, kamar daɓen siminti, ko tayil, ko bango marar komai, ko gilashin taga, sai ya dawo kamar ƙwallo. Idan ya bugi abu mai laushi, sai abin ya shanye wani ɓangarensa. Ke nan mai sauraro a ɗakin da babu kaya yana jin sauti iri biyu: wanda ya zo kai tsaye daga lasifika, da wanda ya makara saboda ya biya ta bango. Haɗuwarsu ce take sa kalmomi su cakuɗe. Shago kuwa buɗe yake ta gaba, kuma cike yake fal da kwalaye, shi ya sa amsa-kuwwa ba ta yi yawa a can ba.

Kuna iya gwada ɗakinku yanzu. Ku tsaya a tsakiya ku tafa hannu sau ɗaya. In kun ji tafin ya bar wata 'yar ƙara tana binsa, ɗakin yana bukatar kaya masu laushi. A shimfiɗa darduma ko tabarma tsakanin lasifika da wurin zama, a sa labule mai kauri a taga, a jingina kantar littattafai ko kujera mai katifa a bangon baya. Gidan da ba a yi wa silin ba ya fi shan wahala, domin kwano yana mayar da sauti, yana kuma girgiza da kansa. Silin, ko da na asabari ne, yana rage wannan, kuma yana rage ƙarar ruwan sama, wanda ba ƙaramin abu ba ne a damina irin ta Kwoi.

Sai batun inda ake ajiye lasifika, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Me ya sa ma aka yi su biyu? Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alan Blumlein ne ya yi rajistar dabarar a 1931. Ya lura cewa mutum yana gane inda sauti ya fito ne saboda yana da kunne biyu, ɗaya yana riga ɗaya ji. Idan aka raba sauti gida biyu, hagu da dama, mai sauraro zai ji kamar makaɗa suna jere a gabansa, mawaƙi a tsakiya, wasu a gefe. Wannan shi ake kira sitiriyo. To, wanda ya haɗa lasifika biyu wuri ɗaya a kan kanta ya rushe dabarar gaba ɗaya. Ya biya kuɗin biyu yana cin moriyar ɗaya.

Abin da ya dace shi ne lasifika biyu da kujerar mai sauraro su yi siffar alwatika mai gefe uku daidai wa daida. In tazarar da ke tsakaninsu mita 2 ce, kujera ma ta kasance mita 2 daga kowace, a ɗan karkato fuskokinsu su dubi kujerar. Tsayinsu ya zo daidai da kunnen mutum yana zaune. Dalili kuwa shi ne siririn sauti, irin na kuge ko na harafin "s" a magana, miƙewa yake yi kamar hasken tocila, sai wanda ke gabansa ne ke samunsa sosai. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, bazuwa yake yi ko'ina kamar hayaƙi. Iyaye da yawa sukan rataye lasifika can sama kusa da rufi don kada yara su taɓa. Uzurinsu karɓaɓɓe ne, amma sai su sunkuyar da ita ta dubi ƙasa, in ba haka ba siririn sautin zai wuce ta bisa kawunan jama'a.

Kada kuma a manna lasifika da bango, balle a cusa ta a kusurwa. Kusurwa tana kumbura sauti mai kauri har ya danne murya. A janye ta kamar santimita 30 zuwa 50, a saurara, a sake matsawa, har a dace. In tana kan kabad ɗin da aka jera tangaran da kofuna, za su riƙa kaɗawa tare da ita. A yanka tsohon silifas a sa mata a ƙarƙashi, ƙarar za ta ɗauke cak.

A bayan na'ura akwai wani kuskure da ido ba ya saurin gani. Kowace lasifika tana da waya mai harshe biyu, ɗaya na shiga jan rami, ɗaya baƙi. Dole ne ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin biyu. In aka juya na ɗaya, to lokacin da faifan wannan lasifika yake tura iska gaba, na waccan yana jan ta baya, sai su riƙa soke aikin juna. Sauti mai kauri ya rame, murya kuma ta rasa mazauni. Ga yadda ake ganewa: a kama labarai a Rediyon Najeriya Kaduna, ko a sa waƙar marigayi Ɗan Maraya Jos, inda babu komai sai murya da kuntigi. In wayoyi suna daidai, za a ji muryar garau tana fitowa daga tsakiyar lasifika biyu, kamar mutumin yana zaune a wurin. In ta warwatse, a kashe na'ura, a juya wayar lasifika ɗaya kawai. Kashewar wajibi ce, domin in zaren tagulla na ja ya taɓa na baƙi ana cikin kiɗa, amfilifaya na iya ƙonewa. In bakin waya ya yi duhu saboda laimar damina, a yanke shi, a fere sabo, a ɗaure tam.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wajen sayen na'urar kiɗa ji ne ya kamata ya kori gani. A jikin kwali akan rubuta wat dubu biyu ko uku da manyan lambobi, a gefe kuma a sa haruffan PMPO. Wannan lissafin talla ne. Lambar da za a duba ita ce wadda ke tare da haruffan RMS, kuma takan kasance ƙarama ƙwarai. Ko ita ma ba ta da tasirin da ake zato. In aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ƙara tana ƙaruwa ne da desibel 3 kacal, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari kaɗan. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninku, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma.

Wannan ne ya kawo mu ga mamurɗin ƙara. Ƙaramar amfilifaya tana da iyaka. In aka murɗa ta har ƙarshe, aka kuma ƙure mamurɗin sauti mai kauri, sai sautin ya fara karcewa. Wannan karcewar ita ce take ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, kuma ita take cika shagunan masu gyaran rediyo bayan bukukuwa. Lasifika dai ana iya sake ta. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne kuwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ba kowa ke da ma'aunin desibel ba, amma akwai gwaji mai sauƙi: in sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji ku, ƙarar ta yi yawa. Maƙwabcin da ke shirin jarrabawa, ko mai jinya, shi ma zai gode muku, musamman da dare lokacin da gari ya yi tsit.

Saura abin da ake zuba wa na'urar. Waƙar da aka matse ta sosai don ta yi sauƙin turawa ta waya ta riga ta yi asarar wani ɓangare na sautinta, kuma babu na'urar da za ta maido shi. In akwai zaɓi tsakanin mai lamba 128 da mai lamba 320, ta biyun ta fi. Wutar lantarki ma tana da nata tasiri. An tsara na'urorinmu ne don bolt 230, kuma in wuta ta zo da rauni, amfilifaya takan gaji da wuri. Sitabilaiza tana taimakawa. A zare filogi idan ana tsawa, a kuma rufe na'ura da zane lokacin hunturu bayan an kashe ta, domin ƙura ce take sa mamurɗi ya riƙa ƙarar-ƙarar in an taɓa shi.

Ma'anar Kalmomi

amsa-kuwwa: sautin da ya bugi wani abu ya dawo
alwatika: siffa mai gefe uku da kusurwa uku
asabari: shimfiɗa ko labule da ake saƙawa da kara
kuge: ƙarfen da ake bugawa ya ba da siririn sauti
kuntigi: ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya
mamurɗi: abin da ake juyawa don ƙara sauti ko rage shi
sakaci: rashin kula da abin da ya kamata a kula da shi

Tambayoyi

1. Me ya sa na'ura takan fi daɗin ji a shago fiye da a gida?
2. Wane ne Alan Blumlein, kuma me ya lura da shi game da kunnen mutum?
3. Bayyana bambancin tafiyar siririn sauti da ta sauti mai kauri.
4. Me ke faruwa in aka juya wayar lasifika ɗaya? Yaya ake gane haka?
5. Me ya sa marubucin ya ce a nan "ji ne ya kamata ya kori gani"? Kun yarda da shi?

Nazarin Harshe: Amsa-kama

Amsa-kama kalma ce da take ƙarfafa wata kalma ko take kwaikwayon yanayin abu. A cikin darasin mun ga "cike fal", "ɗauke cak", "ɗaure tam" da "gari ya yi tsit". Kowace tana da kalmomin da take tafiya da su, ba a musanya su yadda aka ga dama. Ba a cewa "cike tam" ko "ɗaure fal". Ku cike waɗannan gurabe da fal, cak, tam, tsit ko garau:

a. Da malam ya shigo, sai aji ya yi ______.
b. Motar Kafanchan ta tsaya ______ a bakin kasuwa.
c. Buhun ya cika ______ da busasshiyar citta.
d. Ya ɗaure akuyar ______ a gindin mangwaro.
e. Bayan an gyara wayar, muryar mai labarai ta fito ______.

Aikin Gida

Ku tafa hannu a ajinku, sannan ku tafa a ɗakin kwananku. Ku rubuta jimloli takwas kuna kwatanta abin da kuka ji a wuraren biyu, tare da ambaton kayan da ke cikin kowane ɗaki. Ku yi amfani da amsa-kama aƙalla guda biyu.